Fitilar Da Ake Cewa Tana Wanke Iskar Ɗaki: Ina Gaskiyar Maganar Take?

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, ya doshi garin Obi da almuru, zai ga hayaƙi ya kwanta bisa rufin gidaje sai ka ce hazo. Lokacin ne mata ke hura wutar abincin dare, masu suyar gari suna ƙarasa aikin yini, masu turara shinkafa kuwa ba su sauke tukwanensu ba tukuna. Da duhu ya yi, in wutar lantarki ta ɗauke, sai ƙarar janareta ta tashi nan da can. Kafin a kwanta kuma a kunna maganin sauro mai hayaƙi, a kulle ƙofa, a ja taga, saboda sauro da tsoron ɓarayi. A cikin wannan iska da aka tsare ne iyali za su kwana har asuba.

Obi ƙasar noma ce da ta yi suna wajen doya da riɗi da rogo, amma abin da muka bayyana bai tsaya kanta kaɗai ba. Haka yake a Keana da Awe da Doma, haka kuma yake a Kano da Sakkwato da Maraɗi. An ƙiyasta cewa baligi yana shaƙar iska fiye da lita 10,000 a kowace rana, watau cikin durom 50 irin na mai. Ruwan sha muna duba shi, mu tace shi, in ya yi laka mu jefa masa alam. Iskar da muke zuƙa dare da rana kuwa ba kasafai muke tambayar abin da ke cikinta ba.

Tun daga shekarar 2020, sa'ad da cutar korona ta shigo Nijeriya, tallan waɗansu na'urori ya yawaita a manyan birane da kuma intanet, inda ake cewa akwai wata fitila a cikinsu mai ƙone ƙwayoyin cuta da wari da guba, ta bar iskar ɗaki tas. Da yake wayar hannu ta shiga kowane lungu, tallan da aka gani a Abuja shi ake gani a Obi. To, shin gaskiya ne? Tambayar tana da nauyi, domin wanda ya saya ya kashe kuɗin da zai yi wa iyali wani amfanin, wanda kuma ya dogara da na'ura a inda ba ta da ƙarfi yana iya jefa ransa da na 'ya'yansa cikin haɗari.

HASKEN DA IDO BA YA GANI

Hasken rana ya ƙunshi launuka daban-daban, kamar yadda muke gani a jikin bakan gizo. A shekarar 1801 wani masani Bajamushe mai suna Johann Ritter ya gano cewa a bayan launi na ƙarshe akwai wani haske da ido ba ya iya gani, amma yana da ƙarfin canza launin sinadari fiye da wanda ake gani. Wannan ɓoyayyen haske shi ne ake kira alturabayolet, a taƙaice UV. A 1877 waɗansu Turawan Ingila biyu, Arthur Downes da Thomas Blunt, suka nuna cewa hasken rana yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a cikin kwalaben gwaji. Ashe uwayenmu da ke shanya tabarma da kayan shimfiɗar majiyyaci a rana suna kan hanya tun can. A 1903 kuma aka ba wani likitan ƙasar Denmak, Niels Finsen, kyautar Nobel saboda warkar da tarin fuka na fata da haske.

Masana sun kasa ɓoyayyen hasken gida uku. Na farko, UV-A, shi ne mafi sauƙi, kuma yana isowa ƙasa da yawa. Na biyu, UV-B, shi ke ƙona fata, musamman ta zabiya. Na uku, UV-C, shi ne mafi kaifi, amma sararin samaniya yana tare shi duka kafin ya iso gare mu. Saboda haka wanda yake bukatarsa sai ya ƙera fitila. Fitilar ta yi kama da doguwar farar fitilar nan ta ofisoshi, da ɗan tururin zaiba a ciki, sai dai ba a shafa mata farar hoda ba, gilashinta kuma na musamman ne, domin gilashin taga na yau da kullum ba ya barin wannan haske ya ratsa. Awon hasken da take fitarwa nanomita 254 ne, nanomita kuwa kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita.

Idan wannan haske ya sauka kan ƙwayar cuta, sai ya lalata tsarin halittar da ke cikinta, wanda da shi take hayayyafa. Ƙwayar da ta kasa hayayyafa ba ta iya kama mutum. Wannan shi ne aiki na farko da ake yi da fitilar, kuma shi ne wanda aka fi tabbatarwa.

GWAJI A KAN ƘYANDA DA TARIN FUKA

Wani injiniya Ba'amurke, William Wells, ya bayyana a 1934 cewa yawun da ke fita lokacin tari ko atishawa ba duka ke faɗuwa ƙasa ba. Ƙananan ɗigo suna bushewa nan take, su zama 'yan mitsi-mitsin ƙura masu ɗauke da cuta, su yi ta yawo a ɗaki. Ƙwayar ƙyanda, alal misali, tana iya zama cikin iskar ɗaki har sa'a biyu bayan mai cutar ya fita. Daga 1937 Wells ya kafa fitilu a saman azuzuwan waɗansu makarantu a yankin Filadelfiya. Da annobar ƙyanda ta zo a 1941, fiye da rabin yaran da ba su taɓa yin cutar ba suka kamu a azuzuwan da babu fitila, a masu fitila kuwa waɗanda suka kamu ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Amma da aka sake gwajin a wasu garuruwa ba a sami irin wannan nasara ba, domin yaran suna cuɗanya a motar makaranta da gidaje. Darasin shi ne, fitila tana tsare ɗakin da take ciki ne kawai.

Bayan haka almajirinsa, Likita Richard Riley, ya yi wani gwaji a asibitin tsofaffin sojoji na Baltimo. Ya ja iskar ɗakin masu tarin fuka ta bututu zuwa kejin ɓerayen Masar, ya raba ta biyu, rabi ya bi ta gaban fitila, rabi bai bi ba. Sakamakon da aka buga a 1962 ya nuna ɓeraye 63 sun kamu a ɓangaren da babu fitila, a ɗaya ɓangaren kuwa ko guda bai kamu ba.

An maimaita irin wannan a ƙasashen da halinsu ya fi kusa da namu. A asibitin Dos de Mayo na birnin Lima, ƙasar Peru, Likita Roderick Escombe da abokan aikinsa sun ba da rahoto a 2009 cewa kashi 35 cikin 100 na ɓerayen da suka shaƙi iskar ɗakin masu tari sun kamu, amma a ranakun da fitila ke kunne kashi 9.5 ne kacal. A garin Witbank na Afirka ta Kudu, wanda yanzu ake kira eMalahleni, binciken da aka buga a 2015 ya nuna fitilar tare da fanka ta rage yaɗuwar cutar da kimanin kashi 80 cikin 100. Saboda irin waɗannan hujjoji ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin ƙa'idojinta na 2019, ta ba da shawarar kafa fitilun a asibitoci da wuraren cunkoso inda haɗarin tarin fuka ya yi yawa.

Maganar ta shafe mu ƙwarai, domin Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu wannan cuta, inda Hukumar ta ƙiyasta cewa kusan mutum rabin miliyan ne suka kamu a 2023.

ƘUNA BA TARE DA WUTA BA

Aiki na biyu shi ne wanda masu talla suka fi kururutawa. Kowa ya san ƙarfe in ya daɗe a waje yana tsatsa, doya kuma in an fere ta aka ajiye sai fuskarta ta yi duhu. Duka wannan aikin oksijin ne, watau sashen iskar da ke riƙe da numfashinmu, wanda kuma shi ke sa wuta ta ci. A wurin masana, tsatsa da ƙuna dangin juna ne, ɗaya a sannu, ɗaya da gaggawa. Dabarar da ake nema ita ce a ƙone ƙazantar da ke cikin iska a sanyaye, ba harshen wuta, ba hayaƙi.

Asalin dabarar daga Japan ne. A 1972 Akira Fujishima da malaminsa Kenichi Honda na Jami'ar Tokyo suka buga sakamakon binciken da ya nuna cewa wani sinadari, taitaniyam dayoksaid, yana iya farfasa ruwa in an haska masa ɓoyayyen haske. Sinadarin ba baƙo ba ne, shi ne farar hodar da ke sa fenti da man goge haƙori su yi fari. Daga nan aka fara ƙera na'urar tsabtace iska kamar haka: fanka tana zuƙo iskar ɗaki, ta bi da ita ta cikin wata raga da aka shafa wa hodar, fitila kuma tana haska ragar. Hasken yana tayar da hodar, ita kuma ta farfasa danshin da ke cikin iska, ya haifar da waɗansu ƙwayoyin sinadari masu zafin nama da ake kira haidiroksil. Rayuwarsu ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba, amma kafin su mutu suna afka wa duk wani tururin da ya taɓa ragar, kamar na fenti, da na gam ɗin katakon kujeru da kabad, da na turare. In aikin ya kai ƙarshe, abin da zai rage shi ne ruwa da iskar kabon dayoksaid, irin wadda muke fitarwa da numfashi.

Dabarar ta yi amfani a inda ta dace. 'Yan kasuwar ayaba da mangwaro sun san cewa in an rufe ɗanye da nunanne wuri guda, sai duk su nuna da sauri. Dalili shi ne wata iska mai suna etilin da 'ya'yan itace ke fitarwa. A cikin kumbon sama jannati, inda babu taga, wannan iska tana taruwa ta kashe shuka. Hukumar NASA ta Amurka da Jami'ar Wiskonsin suka ƙera na'ura irin wadda muka bayyana, aka tafi da ita cikin kumbon Kolombiya a 1995, ta kare shukar dankalin turawa. Har yanzu ana amfani da irinta a waɗansu ɗakunan ajiyar kayan marmari da furanni.

INDA GIZO KE SAƘA

Ɗakin kwana daban yake da kumbo. A kumbo an san iskar da ake yaƙi da ita, guda ɗaya ce, an kuma auna na'urar daidai da ita. A gida kuwa tururi iri-iri ne suke gauraye, fankar kuma tana wucewa da iskar da sauri, kafin ƙunar ta kammala. Itacen da bai ci wuta sosai ba hayaƙi yake yi, haka ma tururin da aka ƙona rabi yana komawa wani sinadari dabam. A 2007 masu bincike na cibiyar Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya sun gwada irin wannan na'ura da gaurayen tururin da ake samu a ofisoshi, suka tarar ta rage waɗansu, amma ta haifar da fomaldehaid da asetaldehaid. Fomaldehaid shi ne tushen ruwan fomalin da ake adana gawa da shi a asibiti, kuma tun 2004 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke haddasa cutar. Wannan shi ake kira an gudu ba a tsira ba.

Matsala ta biyu ita ce ozon. Waɗansu fitilun suna fitar da haske mai nanomita 185, wanda ke mayar da oksijin ya zama ozon. Iska ce mai kaifin wari, irin wanda ake ji kusa da injin kwafin takardu, kuma wasu masu talla suna cewa wai ƙanshin tsabta ke nan. Alhali kuwa ozon yana ƙona hanyoyin numfashi, yana tayar da ciwon asma, yana sa tari da ciwon ƙirji. Jihar Kalifoniya ta kafa doka, wadda ta fara aiki sosai a 2010, cewa kada a sayar da na'urar tsabtace iskar gida da ozon ɗinta ya wuce kashi 0.05 cikin miliyan. Hukumar kare muhalli ta Amurka ma, a jagorar da ta fitar a 2018, ta nuna cewa amfanin na'urorin ƙuna da haske a gidaje taƙaitacce ne. Ragar kanta tana toshewa da ƙura da saura-sauran sinadari, ƙarfinta ya yi ta raguwa ba tare da mai ita ya sani ba.

ABIN DA FITILA BA TA IYAWA

Yanzu mu koma gidan da muka bari a Obi, mu duba abin da ke cikin iskarsa. Na farko hayaƙin itace da gawayi da kananzir. Hayaƙi toka ce da kunkunniya masu laushin gaske, waɗanda ke ratsawa har can ƙuryar huhu su shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020, daga cikinsu akwai yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Mata da goyonsu su ne a gaba, domin su ke zama bakin murhu. Haske ba ya kawar da toka. Ko an haska ta yini guda, toka ce.

Na biyu ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Ita ma ƙasa ce, ba ta mutuwa kuma ba ta ƙonewa. Abin da ke tare ƙura da hayaƙi shi ne matacin iska mai ƙananan ramuka, irin wanda ake kira HEPA, kuma shi ma sai ana canza shi.

Na uku, wanda ya fi kisan gaggawa, shi ne hayaƙin janareta da na gawayin da aka shiga da shi ɗaki domin jin ɗumi. A cikinsa akwai iskar kabon monoksaid, marar launi, marar wari, wadda ke kama jini fiye da oksijin sau 200 ko sama da haka. Mutum ya fara da ciwon kai da jiri, ya yi barci, daga nan sai labari. Jaridun ƙasar nan sun sha kawo labarin iyalan da aka wayi gari an tarar da gawarsu saboda an ajiye janareta a baranda ko a lungun ɗaki. Babu wata na'urar haske ta gida da za ta ceci mutum daga wannan. Magani guda ne: janareta ya zauna a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin hayaƙinsa yana kallon waje.

INDA YA KAMATA A KAFA TA

Daga bayanan da suka gabata, a fili yake cewa wurin da fitilar UV-C ta fi cancanta shi ne inda marasa lafiya da masu lafiya ke zama tare na tsawon lokaci: zauren jiran ganin likita, ɗakin masu tari, ɗakin gwajin majina, da gidajen yari. Ma'aikatan jinya su ne suka fi kowa shaƙar wannan iska. Asibitocin ƙananan hukumomi irin su Obi da Keana da Awe, da manyan asibitocin Lafiya da Keffi, duk suna da irin waɗannan zauruka.

Amma kafa ta yana da sharuɗɗa. Ana ɗora fitilar a bango, sama da mita 2 daga ƙasa, cikin akwatin ƙarfe mai tsage-tsage wanda ke harba hasken a miƙe ta saman kawunan mutane. Iskar da jiki ya ɗumama tana hawa sama, hasken ya yi aikinsa, fankar silin ta sauko da ita. Ɗakin da rufinsa ya yi ƙasa bai dace ba. Tilas ne kuma ƙwararre ya zo da ma'auni ya tabbatar hasken bai sauko kan mutane ba, domin yana ƙona ido da fata. Duk wanda ya taɓa kallon wutar walda ba tabarau, ya kwana yana jin kamar an zuba masa yashi a ido, ya san irin ciwon. Wanda ya sayi tsirarar fitila ya rataya a ɗakin yara, garin neman gira zai rasa ido.

Sai kuma kulawa. Fitilar tana yin aiki na kimanin sa'o'i 9,000, watau shekara guda in ba a kashe ta, sa'an nan ƙarfinta ya faɗi ko da tana ci gaba da ba da shuɗin haske. Ƙurar hunturu tana rufe gilashin, sai an kashe ta an goge lokaci-lokaci. Laimar damina, wadda ke da yawa a ƙasar Nasarawa, tana rage mata kaifi, ko da yake gwajin Lima an yi shi ne cikin laima mai yawa kuma ya yi nasara. Idan ta fashe akwai zaiba a ciki, ba a jefa ta a juji. Uwa-uba wutar lantarki. An buɗe babbar tashar wuta ta Akurba kusa da Lafiya a 2022, duk da haka ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne a garuruwanmu. Abin sauƙin shi ne cin wutar fitilar kaɗan ne, faifan hasken rana da batir suna iya riƙe ta.

Akwai wata sabuwar fitila mai nanomita 222, wadda Farfesa David Brenner na Jami'ar Kolombiya a Niyok ya nuna a 2018 da 2020 cewa tana kashe ƙwayoyin mura da dangin korona a iska, kuma haskenta ba ya ratsa matacciyar fatar waje. Tana da tsada, an kuma gano tana haifar da ɗan ozon, saboda haka ita ma tana bukatar ɗaki mai shigar iska.

DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI

Likita Escombe ɗin nan da ya gwada fitila a Lima, ya riga ya yi wani awo a 2007 a asibitoci takwas na birnin. Ya tarar in an buɗe tagogi da ƙofofi, iskar ɗaki tana sabuntuwa sau 28 a sa'a guda, alhali abin da ake nema daga injunan zuƙe iska masu tsada shi ne sau 12. Tsofaffin asibitocin da aka gina kafin 1950, masu dogon rufi da manyan tagogi, sun kai sau 40, na zamani kuwa 17. Taga ba ta cin wuta, ba ta lalacewa, kuma tana fitar da kome da kome: ƙwayar cuta, hayaƙi, tururi da guba.

Magabatanmu sun san wannan. Bukkar ciyawa tana numfashi ta rufinta, madafa kuma daban take da ɗakin kwana, sau da yawa ma a tsakar gida ake girki. Da bulo da kwano da silin suka zo, muka ƙanƙanta taga, muka shigo da risho da gawayi cikin ɗaki, muka toshe hanyar iska da hannunmu.

Saboda haka mai gida ya fara da abin da ke hannunsa. Ya yi tagogi biyu masu kallon juna, ya sa musu raga da sandunan ƙarfe domin a kwana da su a buɗe. A yi girki a waje ko a madafa mai mafitar hayaƙi, da busasshen itace, a nisanta yara daga murhu, wanda ya sami hali kuma ya koma gas ko murhu mai rage hayaƙi. Gidan sauro ya fi maganin sauro mai hayaƙi, in kuwa an fesa magani a bar ɗakin ya sha iska kafin a shiga. Yaro ya sami allurar rigakafin ƙyanda. Wanda ya yi tari na mako biyu ya je a gwada shi, domin maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta amince da su, kuma mai shan magani daidai yana daina yaɗa cutar cikin ɗan lokaci.

Wanda duk da haka yake son sayen na'ura, ya yi wa mai sayarwa tambaya uku: tana da matacin ƙura na gaske? Akwai shaidar cewa ba ta fitar da ozon? A ina za a sami fitila da matacin canji bayan shekara? In amsa ta gagara, ya riƙe kuɗinsa.

Ga hukuma kuwa, kiranmu shi ne hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sa ido kan na'urorin da ake shigowa da su, Ma'aikatar Lafiya ta duba tagogin asibitoci kafin ta yi odar fitilu, inda aka kafa fitilun kuma a ware kuɗin gyara da awo tun ranar farko. Jami'ar Tarayya ta Lafiya da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi suna iya horar da samarin da za su riƙa wannan aiki, kada fitilun su zama ado a bango bayan shekara guda, majiyyata da ma'aikata suna zaune ƙarƙashinsu suna zaton an tsare su.